Yadda Na Rabu da Kujerar Masallaci

Salamu alaikum jama'a. Masu cigiyar Baba Sale tun farkon damina, ga ni. Ina nan da raina, hannun rubutun ne ya yi yaji.

Da buta abin ya fara. Ina alwalar La'asar a ƙofar gidana a Gude, ta suɓuce mini. Na sake ɗauka da hannun dama, ta sake faɗuwa. Na buɗe baki in kira mai ɗakina, Hajiya Tabawa, maganar ta fito kamar ta mai cin tuwo da zafi.

Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Malam, bakinka ya karkace. Asibiti."

A Gwarzo aka auna ni, aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Aka tura mu Kano hoton kai. Ga ƙarin ruwa, ga allurai, ga kuɗin mota a wannan tsadar mai. Sai da ɗaya daga shanun huɗata ya tafi kasuwa.

Ba mutuwa na ji tsoro ba, a shekaruna mun san tana tafe. Sujada ce. Aka aje mini kujerar roba a ƙarshen sahu, jama'a su kai goshi ƙasa, ni ina zaune kamar alƙali.

Malam Idi, abokin wasana, kullum sai ya raɗa mini, "Ranka ya daɗe, a kawo fanka?"

Mai gashin ƙashi, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, ta ce in riƙa tattaki daga zaure zuwa gindin darbejiya in dawo.

Na yi. Na yi. Har awakin unguwa suka san lokacina. Daga nan abin ya gundure ni, na jefa ƙwallon bayan rumbu na koma tabarma. Ƙafar da ta fara saki ta sake sandarewa.

Da muka koma asibiti, Hajiya ta kai ƙarata tun ban zauna ba.

Madam ta ce, "Baba, tuwo ma in kullum da kuka ne ai sai ya fita a rai. A canza masa miya, Hajiya. Kullum da irin aikinsa."

Ashe abin da Tabawa ke jira ke nan.

Yau ɓarar gyaɗa, don yatsu. Gobe jan guga, rabin ruwa, tana tsaye a kaina. Jibi ta miƙo mini taɓarya, ni da ban taɓa daka ba tun da aka haife ni, muka rufe ƙofa saboda Malam Idi. Wata rana tufkar igiya. Sai na wayi gari ina ɗokin jin me ta tanadar mini.

Tattaki ne ya so ya gagara. Na ce zan riƙa sauya hanya, yau ta Garo, gobe ta fadama. To a garinmu dattijo ba ya tafiya a ƙasa. Duk mai babur sai ya ci birki: "Haba Baba, muna raye? Hau!" In na ƙi, a ce fushi nake. Sau nawa aka dawo da ni gida ban ko yi gumi ba.

Hajiya ce ta rataya mini fartanya a kafaɗa. Shi ke nan. Mai zuwa gona ba a tare shi, sai dai "Sannu da aiki, Baba," a wuce.

Juma'ar da ta gabata na shiga sahu a tsaye. Liman ya yi kabbara, na bi jama'a a hankali, gwiwa tana ƙara, har goshina ya taɓa tabarma. Na jiƙa ta da hawaye, ba zan ɓoye muku ba.

Alhamdulillahi. Madam Rifkatu, likitoci, masu dubiya da addu'a, Allah ya saka da alheri. Tabawa, ke kam sai Aljanna.

Ku riƙa auna jininku ko lafiya kuke ji. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take. A sha magani kan ƙa'ida. Motsa jiki kuwa in ya gundure ka kada ka bari, sauya wani, da shawarar likitanka.

Kujerar tana nan. Malam Idi gwiwa ta fara damunsa, na kai masa har gida, na tambaye shi ko a haɗo da fanka.