Ranar da Na Soke Tohon Kwakwa

Akwai abin da na aikata a Riyad wanda ko tsufa ya rikita ni ba na jin zai fita daga raina. Shekaru sun ja, amma duk sanda na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya.

Lokacin ina direba a gidan wata likita 'yar Lakwaja, a unguwar Malaz. Tana da 'yar bishiyar kwakwa cikin wata ƙatuwar tukunya a tsakar gida, tsayinta bai wuce ƙirjina ba. Daga gidan mahaifinta ta zo da ƙwallon a shekarar da ya rasu, shi ne kuma ya dasa uwar bishiyar da hannunsa. Kwakwa ba ta shiri da sanyi, na Riyad kuwa idan ya sauko har ƙashi yake shiga. Amma baiwar Allah nan ta yi ta lallaɓa abarta har shekara uku.

Da za ta tafi gida ijaza, wato hutu, na wata guda, sai ta zaunar da ni. Ta ce idan sanyi ya tsananta in ja tukunyar zuwa falo, in naɗe jikin da buhu, in rage ruwa. Na ce to, amma a raina dariya nake. Ni ɗan Dutse, wanda ya tashi cikin dabino, za a koya wa rainon bishiya? Ga dabino nan birjik a titi, wa ya taɓa lulluɓe shi? A wautata, duk mai irin wannan ganye ɗaya ne. Na bar ta a waje, kullum ina shara mata ruwa.

Kwana biyu kafin Hajiya ta dawo, na ga ganyen ya yi ja. Na kama tohon tsakiya, wanda shi ne ran bishiyar, na ɗan ja shi. Sai ga shi a hannuna, gindinsa ya ruɓe yana wari. Na waiga ban ga kowa ba, na mayar da shi ramin na soke.

Da ta dawo ta tambaya, na ce duk abin da ta ce na yi. Sati uku ina kallonta, kafin ta tafi asibiti sai ta durƙusa ta zuba ruwan ɗumi, ta shafa ganyen, ta ce in sha Allahu za ta farfaɗo. Ni kuma ina riƙe da makullin mota ina cewa amin.

Wata safiya tohon ya biyo hannunta. Ta daɗe tana dubansa, ya bushe ƙamas, ta gane ba yau ya fita ba. Ta ɗago ta dube ni, na kasa haɗa ido da ita. Nan na faɗa mata komai.

"Malam," ta ce, "bishiya mai rai ce, dole wata rana ta mutu. Amma sati uku kana tsaye ina ba gawa ruwa?"

Ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, idan na yi ɓarna nakan faɗa tun da zafinta. Kashe kwakwar jahilci ne, ana yafe shi. Soke tohon nan kuwa da sanina na yi, shi ne har yau ban yafe wa kaina ba.