Tsuntsun da Kinue Ta Gani

Duk tsibirinmu babu mai ɓata wa baƙo rai kamar mijin yayata, Hamaya Tokuji. Ni ce zan faɗa, domin a masaukina baƙin suke kwana, ni nake dafa musu miyar miso da gasasshen kifi da safe, kuma ni suke dawo wa da rana fuska a murtuke.

Masu kallon tsuntsaye ne. Da ƙanƙara ta narke sai ka gan su suna saukowa daga jirgin fito, kowa da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, sun taso tun daga Tokyo don su ga ororon, wani tsuntsun teku. Tokuji yakan kwashe su a ƙaramin jirginsa na kamun kifi, ya zagaya da su bayan tsibiri, gindin babban dutsen da ya miƙe daga teku. Suna hango baƙaƙen tsuntsaye masu farin ƙirji jere a jikin dutse, ga kuka yana tashi, sai murna, sai ƙyas-ƙyas ɗin kyamara. Gogan naka kuwa ba zai bari su more ba.

"Roba ce," zai ce. "Ni na kafa su. Kukan ma lasifika ce."

"Haba Yaya!" nakan ce masa. "Ka bar mutane su ɗauki hotonsu su koma gida da daɗin rai mana. Sauran masu jirage ai bakinsu suke ja su yi shiru."

"Tsuntsu suka zo gani, Mitsue, ba 'yar tsana ba."

Taurin kai ke nan. Amma saboda wannan halin ne masu kallon tsuntsaye suka ɗauki maganarsa da nauyi. In Hamaya-san, kamar yadda suke kiransa, ya ce ya ga abu, an gama magana.

Lokacin da ni da yayata Kinue muke yara, dutsen nan baƙi ƙirin yake da ororon. In mahaifinmu ya ratsa da mu ta gindinsa, sai ya yi ihu kafin mu ji me yake cewa. Daga baya kifin da suke ci ya ƙaura, ragar masunta ta yi ta nutsar da su, hankaki ya yi ta sace ƙwai, har aka wayi gari wata shekara babu ko ɗaya. Shi ororon ba ya sauka inda bai ga 'yan'uwansa ba. Shi ya sa masu kula da tsuntsaye suka kawo na roba da lasifika, ko na wucewa zai ruɗu ya sauka. Tokuji ne ya karɓi aikin. Kowace shekara ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka jikin dutsen, tsofai-tsofai da shi, ya goge su, ya sake musu fenti. Shekaru suka yi ta tafiya, ko gashin tsuntsu ba a gani ba.

Kinue ba ta gajiya da tsokanarsa. "Baban yara, ka ba 'ya'yan naka abinci kuwa? Na ga ba sa girma." Amma kullum ya dawo, kafin ya cire takalmin ruwa sai ta tambaya.

"Yau fa?"

"Babu."

"To, sai gobe."

Ciwon suga ne ya fara cinye mata ido, daga baya ya taɓa ƙoda. Likita ya ce sai wankin ƙoda, abin da babu shi a tsibirinmu. Ɗansu Noboru ya ce zai ɗauke ta zuwa Sapporo ta zauna a wurinsa. Babu wanda ya furta, amma duk mun san ba dawowa za ta yi ba. Ita ma ta sani. Ta ce ƙafarta ba za ta taka jirgin fito ba sai an kai ta gindin dutse.

Na naɗe ta da bargo, na cusa dunƙulen shinkafa a jaka, muka shiga. Akwai baƙi kaɗan a jirgin, cikinsu har da Odagiri, wani saurayi da ke zuwa duk shekara yana bin Tokuji kamar jela. Teku tana ɗan motsi ranar. Tokuji ya kashe inji a gindin dutse, jirgi ya shiga lilo a hankali, lasifika tana ta kukanta.

Kinue ta ɗora madubin hangen nesa a kan idon nan nata da ko fuskata ba ya rarrabewa sosai. Can sai ta cafke hannuna.

"Mitsue! Wancan ya motsa. Na gefen can, ya juya kai!"

Kyamarori suka tashi gaba ɗaya. Ni ma na duba. Jirgi ne ke lilo, ba wani abu ba. Baƙin suka fara sauke kyamarorinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa.

"Baban yara, duba mana! Kai ka san naka. Wannan naka ne?"

Gabana ya faɗi, don na san bakin mutumin nan. Ya karɓi madubin ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Mai rai ne, Uwar yara. Sun dawo."

Kinue ta fashe da kuka tana dariya, tana dukan kafaɗarsa. "Ban ce maka ba? Ban ce maka gobe ba?" Ni kuwa na juya baya na yi ta kallon ruwa, hawaye na zuba a kan bargon. A rayuwata ban taɓa ƙaunar surukin nan nawa kamar ranar ba.

Da nan abin ya tsaya, da an huta. Amma Odagiri, yaron kirki marar wayo, bai fahimci komai ba. A ganinsa shi ne idonsa ya kasa. Kafin mu sauka a gaɓa ya riga ya baza wa 'yan'uwansa masu kallon tsuntsaye ta waya cewa Hamaya-san ya ga ororon mai rai. Kinue na tafiya Sapporo, jama'a suka cika tsibiri. Har a ɗakin cin abinci na shimfiɗa wa wasu katifa. Suka yi ta zagaya dutse safe da yamma, ba su ga komai ba sai roba.

Masu kula da tsuntsaye suka zo har gida, cikin ladabi.

"Hamaya-san, ko dai idon ne? Girma ya zo, ba abin kunya ba ne. Ka ce kuskure ne a rufe maganar."

"Na gani," ya ce.

Ba zai iya janyewa ba. Noboru yana karanta wa uwarsa duk abin da aka rubuta game da tsibirinmu, kuma kullum da yamma tana bugo waya daga gadonta.

"Yau fa?"

"Yana nan. Ya sami wuri a sama, gefen hagu."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai tukuna."

Ina zaune ina jinsa, mutumin da bai taɓa yi wa baƙo ƙarya ba, yana ƙirƙiro tsuntsu kullum, har da irin kifin da ya riƙo a baki.

Baƙi suka daina shiga jirginsa. A teburina, da shinkafata a bakinsu, na ji wasu suna cewa tsohon ya rikice, wasu suna cewa dabarar jawo baƙi ce. Na kusa kifa wa ɗayansu tukunyar miya a ka. Odagiri ya zo ya rusuna a ƙofar Tokuji yana ba da haƙuri, shi ma ya fara shakka, amma Tokuji shayi kawai ya zuba masa.

Kinue ta rasu cikin hunturu, teku ta yi haushi, jirgin fito bai tashi ba, sai bayan kwanaki muka isa. Da aka ƙone gawarta bisa al'adarmu muka dawo da tokarta, na tsare shi.

"Yaya, yanzu kam ka faɗi gaskiya. Ba ta nan balle ta ji. Ka wanke sunanka, kowa zai gane."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ita ta gani, ni na shaida. Kada ki sake kawo min wannan maganar."

Bayan shekara biyu, wata safiya ina wanke kwanuka sai ga Odagiri ya faɗo kicin da takalminsa, yana haki. Ororon sun sauka. Na gaske, ba ɗaya ba, suna tsaye tsakanin na roba, ɗaya ma yana ta goga baki a jikin 'yar tsana. Ya nuna min a kyamara. Tsibiri ya rikice, duk mai jirgi ya tayar da inji. Mutanen da suka kira shi maƙaryaci suka jeru a ƙofar Tokuji suna rusunawa, wai ashe gaskiya ya faɗa, wai na bara waccan shi ne ya fara zuwa leƙen wuri. Ya amsa gaisuwarsu ya rufe ƙofa.

Na shiga ta baya na same shi zaune gaban hoton Kinue, turare yana ci.

"Tashi mu je!" na ce. "Shekara nawa kana rataye a igiya saboda ranar nan? Tashi, Yaya, kada ka ba ni haushi."

"Je ki ke, Mitsue."

"Ba zan je ba sai da kai. Wai me ke damunka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, fuskarsa duk ta jiƙe.

"In na je na gan su, zan yi murna. Na san kaina, ihu zan yi in ce ga su sun dawo. In yau ne suka dawo, to me na nuna wa yayarki?"

Na zauna kusa da shi muka yi ta kuka, muna jin injinan jirage suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ororon suna ƙyanƙyasa a dutsen duk shekara, masaukina ba ya rabuwa da baƙi. Tokuji yana nan da ransa, yana fita kamun kifi ta gabashin tsibiri. Har yau bai zagaya bayan dutsen ba.