Ƙaiƙayi a Kujerar Malam Ilu

Ni ne da laifi, kuma ba zan fake da ƙuruciya ba, don da gangan na yi, na zauna na shirya shi kamar mai ɗana tarko. Wata Alhamis ce, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. An fito da bencuna da kujerun ɗakin karatun Kazaure an jera a gindin dalbejiya don a share ciki, saboda a ranar za a yi baƙo daga Zariya, mutumin da ya rubuta littafin da muka fi so. Ina laɓe a bayan bishiyar, da gwangwanin madara a aljihun wandona cike da ƙaiƙayin gero, ina jiran Malam Ilu ya ba da baya.

Malam Ilu shi ne mai kula da ɗakin karatun, dogon mutum ɗan Roni, mai tsabta har ta yi yawa. Ɗakin ba wani babba ba ne, rufin kwano ne kusa da ofishin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, da kabad-kabad na littattafai da jaridu a rataye jikin sanda, amma a idona a lokacin ya fi kasuwa faɗi. Kafin yaro ya shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa tafukansa, Malam ya duba ciki da baya. "Hannu kafin ƙafa," haka yake cewa kullum. Ni kuwa hannuna ba ya rabuwa da maiƙo, don sana'ar Innata man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. Ni ke ɓare gyaɗa, ni ke kai niƙa, ni ke riƙe mata turmi idan tana matsa, in na dawo daga makaranta kuma in ɗauki faranti in nufi tasha. Duk da haka da zarar na sayar sai in goge hannuna da toka da sabulun salo, in bar abokaina suna langa ko suna hawan duwatsu da danƙon harbi, in ruga ɗakin karatu. Littafin mutumin Zariyan nan na karanta shi har na haddace wasu wurare, ina ba Inna labarin tana juya ƙuli a kasko.

Wata rana a tsakiyar damina na yi sauri ban wanke da kyau ba, Malam kuma yana magana da wani ya bar ni na wuce. Babban yatsana ya bar tambari a gefen shafi, maiƙon ya ratsa takardar har ana ganin rubutun baya. Da ya gani sai ya ɗaga littafin sama saitin taga don kowa ya kalla, ga ɗalibai cike, ga manya masu karanta jarida. Ya ce, "Ku zo ku ga sa hannun Tunkuza. Tashi ka koma wa uwarka tuya, nan ba gidan mai ba ne." Ya hana ni shiga har ƙarshen shekara. Tunkuza ita ce dunƙulen gyaɗar da ya rage bayan an matse mai, kuma kafin magariba sunan ya riga ni isa unguwa. A makaranta Tunkuza, a rijiya Tunkuza, har 'yan kamasho a tasha suka ɗauka.

Korar ba ta ƙona ni kamar ambaton Inna ba. Na riƙe abin a raina duk tsawon damina. Ina noma a gonarmu ta bayan dutse, kowace ciyawa na sara sai in ce Malam Ilu ce. Na watsa ƙaya a hanyar da kekensa ke bi, ya wuce lafiya. Na kama kunama na ajiye a kwalba don in saka masa a takalmi, ta mutu kafin in sami dama. In na hango shi sai in tsallaka titi don kada gaisuwa ta haɗa mu. Na sha jin manya suna cewa "ramuwar gayya ta fi gayya zafi," na ɗauki maganar kamar don ni aka yi ta. Abin da nake so shi ne a yi masa dariya a ɗakin nan, a gaban mutanen da suka yi mini.

Da aka sanar da zuwan marubucin na san ranata ta zo. Malam Ilu ne ya yi ta fafutukar gayyato shi tun bara, kuma duk wani mai faɗa a ji zai halarta. Yana da wata kujera mai hannu da babu mai zama a kanta sai shi, da matashi, da farin gwado da matarsa ke wankewa ana yafa mata. Kaka ta yi, mata na sussuka a bayan gari. Na bi inda suke shiƙa na kwaso ƙaiƙayi mai laushin nan da iska ke tarawa a gindin darni, na tankaɗe shi da tsohuwar rariyar Inna, na gwada a damtsena na ji yadda yake ci, na ji daɗi. Ranar Alhamis ɗin, Malam na shiga ciki da tsintsiya na fito na murza shi cikin saƙar gwadon, na cusa a matashi, na shafe hannuwan kujerar da wurin jingina wuya.

Bayan azahar ɗaki ya cika. Ga malamai, ga ma'aikatan asibiti, ga wani babba daga ofishin En'e, ga wasu da suka biyo motar kasuwa daga Babura, har da wani malami da ya kawo 'yan ajinsa daga Gwiwa. Ni ina waje na rataye a taga. Baƙon ya iso, gajeren mutum mai fara'a, da riga mai gajeren hannu, gumi na tsatsafo masa. Sai Malam Ilu ya jawo kujerarsa da hannu biyu ya ajiye masa, shi ya koma gefe ya tsaya. Ni da na tashi a gidan da ake shimfiɗa wa baƙo tabarmar da ta fi kowacce, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Baƙon ya buɗe littafi ya fara karantawa da murya mai daɗi, ɗaki ya yi tsit. Bai yi nisa ba ya sosa wuya. Ya ci gaba, ya sosa gwiwar hannu. Ya yi ta dauriya irin ta manya, yana goga baya a jikin kujera, wanda hakan ƙara masa ya yi, har ya koma susa da gefen littafin nasa. Yara suka fara ƙunshe dariya, ta ƙwace. Ya miƙe tsaye, wuyansa duk ya yi rudu-rudu, ya nemi gafara ya rufe littafin a tsakiyar labari. Abokina Tanimu ya kwana biyu yana bitar tambayar da zai yi masa, hannunsa na sama har mutumin ya shiga mota. Na ga babban nan na En'e yana nuna Malam Ilu da yatsa a bainar jama'a, Malam ya durƙusa yana ba da haƙuri, gwadon na hannunsa. Gaskiyar da zan faɗa ita ce daɗi na ji. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Ba a jima ba aka mayar da Malam Ilu Gwiwa tsaron sito. Wanda ya gaje shi ya fi son kulle ɗakin da buɗe shi, kuma har na gama firamare wani marubuci bai sake tako garinmu ba. Yanzu jikokina a waya suke ganin masu rubuta littattafai, suna magana suna dariya, su matsa su wuce. Mu kuwa a da mun ɗauka littafi ba mutum ke yin sa ba, sai ranar nan da muka ga ɗaya da idonmu, yana numfashi yana gumi. Rabin labari garinmu ya samu, kuma ni na cinye sauran.

Na zama tela a Babura, na yi iyali, furfura ta fito mini, ban gaya wa kowa ba. Da na ji Malam Ilu ya makance yana gida a Roni, sai na shirya na je. Na same shi a zaure kan buzu. Na gaishe shi na faɗi sunana, bai gane ba, sai da na ce Tunkuza. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗan mai ƙuli! Ashe kana raye. Kana nan ranar da baƙona ya yi rawar susa?"

Na ce, "Ina nan, Malam."

"Matata Talatu ce, Allah Ya jiƙanta. Ita ta shanya gwadon nan kusa da masussuka. Ta rantse mini ba ta yi ba, na ce to aljanu ne? Har ta koma ga Allah in muka yi faɗa sai na tuna mata. Mace mai kirki, amma ga gardama."

Sai na sauka daga tabarmar da aka shimfiɗa mini, na durƙusa a ƙasa gabansa.

"Malam, Baba Talatu gaskiya ta faɗa muku. Ni na zuba ƙaiƙayin nan da hannuna, ku na nufa da shi, kuma na yi murna da abin da ya same ku. Na cuce ku, na cuce ta, ita kuma ba ni da hanyar roƙonta. Don Allah ku yafe mini."