Hoton Sabi'u a Jaridar Oman

Litinin: Matamaye zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita, Inna na biye da ni har zaure tana jaddada mini in ce wa Sabi'u ta ga hotonsa. Hoton nan shi ya tashe ni. Wani ɗan ƙauyen Dawce da ya dawo daga Oman ne ya kawo mata shafin jarida mai ɗauke da fuskar ƙanena, ita kuwa ta sa aka yi masa gilashi ta rataye, duk wadda ta shigo sai an nuna mata. Ni da nake koyar da Larabci a lakwal, wato makarantar boko, kallo ɗaya na yi na gane ko mene ne. Sanarwa ce cewa wannan ma'aikaci ya gudu daga wurin ubangidansa, wanda ya ba shi mafaka ya kuka da kansa. Wata takwas ke nan wayarsa ba ta shiga, kuma in ƴan sanda suka riga ni gano shi, kurkuku ne. Na kasa faɗa wa Inna, na ce ziyara zan kai masa.

A Ɗan Barto, bakin iyakar Nijar da Najeriya, jandarma ya jujjuya fasfona ya tambayi abin da zai kai malamin lakwal ƙasar Larabawa. Na ce wani sakarai zan ɗauko. Muka karya da ƙosai a Daura ƙarfe takwas, sha ɗaya da rabi muna Kano, bayan shinge tara da na ƙirga kafin in gaji.

Laraba: Maskat

Jirgi ya bi da mu Addis Ababa, ya sauke mu da sassafe. Wani Alhaji ɗan kasuwar Damagaram, mai sarin turare a can, shi ya nema mini biza da ɗaki a unguwar Ruwi, gidan wani Ba'indiye. Abinci shinkafa da kifi, rana da dare, har na fara mafarkin tuwon gero.

Direban tasi ɗan ƙasa ne, cikin farar jallabiya, ya gaishe ni gaisuwar da ta fi ta ƴan ƙauyen Dungu na wajenmu tsawo. Na tambaye shi me suke nomawa. Ya yi dariya ya ce dabino kaɗan, sauran duk mai ne, in farashinsa ya tashi kowa ya yi fara'a, in ya faɗi a tsuke baki. Ta taga kuwa duk wanda na hango yana gini ko shara cikin zafin nan baƙo ne, daga Bangaladesh ko Indiya ko Pakistan.

Na sayi jaridu uku, na yi da-na-sanin biyu. Shafin farko iri ɗaya ne: manya suna yanka ƙyalle, sai farashin gangar mai. Can ciki kuma ga fuskoki jere irin ta Sabi'u, kowa da lambar fasfonsa. Ban ga inda aka tambayi ko ɗaya abin da ya kore shi ba.

Alhamis: Suwaik

Akwai lambar ubangidan a sanarwar, na kira, ya ce in zo. Tafiyar ta kai kilomita ɗari da talatin a bakin teku, kan kwalta mai santsin da ta ba ni haushi da na tuna tamu. Na je da shirin faɗa, na tarar da dattijo mai kiwon raƙuman tsere. Ya hana ni magana sai da na sha gahawa kofi uku na ci dabino da alewa, ni kuwa ina tafasa.

Ashe wata raƙumar tsere ce ta faɗi a hannun Sabi'u ta fara ɗingishi, da gari ya waye aka neme shi aka rasa. Dattijon ya ja ni garke ya nuna mini ita tana tuƙa hankali kwance. Mako biyu ta yi ta warke. Ya ce sanarwar doka ce ta ɗora masa, in yaron ya bayyana zai janye ƙara ya ba shi fasfonsa. Na ce to yana ina? Ya buɗe hannuwa ya ce Allah ne masani, ya ƙara mini gahawa.

Lahadi: ofishin jarida

Juma'a da Asabar hutu ne a can, na cinye su ina zaga masallatai da hoton a banza. Lahadi ƙarfe tara na je ofishin jaridar da ta buga sanarwar na roƙi a rubuta labarin. Wani Basudane da ke teburin karɓar baƙi ya ce su ba sa buga irin wannan, talla dai in zan biya. Ya ƙara da cewa asara zan yi, domin leburori ba sa karanta jarida, shimfiɗa ta suke yi a ƙasa su ci abinci a kai.

Sai na ciro wayata na nuna masa hoton Inna na ranar Salla. Na ce a buga shi babba, a sa lambata a ƙasa, kada a ƙara komai.

Talata: gonar dabino

Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana waya ta yi ƙara.

"Yaya Habu? Inna ta rasu ne?"

Na so in ce e, ya ɗanɗani abin da muka sha wata takwas. Na ce tana nan lafiya, shi ne zai mutu in na iso. Wai ɗaga farantin shinkafa ya yi ya ga fuskarta da maiƙo a goshi. Yana ɓoye cikin ƴan Bangaladesh a wata gona, kilomita goma sha biyu kacal daga garken da ya gudu. Na je na tarar ya rame, ya yi baƙi. Da na faɗa masa raƙumar ta warke tun tuni sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, ni kuwa na fasa faɗan da na tanada. Takardu suka ci kwana biyar, ofis huɗu, kowane da layinsa.

Laraba ta sama: gida

Bayan La'asar muka sauka tashar Matamaye. Da mata ƴan barka da zuwa suka watse na shiga ɗakin Inna na kai hannu zan sauke gilashin nan, ina ta kame-kamen yadda zan fara bayani.

"Bar mini abina," in ji ta. "Tun ranar da aka kawo shi Malam Sani liman ya karanta mini. Shekara uku yana can, ka ga wani hoton da ya aiko?"

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhajin Damagaram, da Basudanen da ya ce asara zan yi. Shafin da Inna ta fito Sabi'u ya taho da shi a aljihu, da maiƙonsa. Shi ma ta sa an yi masa gilashi, yana rataye kusa da na farko.