Rufin da Alhaji Ya Zaɓa

Shekara goma sha biyu na yi ina koyar da tarihi kafin in ajiye alli in zama tafinta a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda na gane ilimi ma haja ne, sai dai ba kasafai ake taya shi ba.

Cikin waɗanda nake yi wa rakiya akwai wani Alhaji, dillalin yadi, ɗan unguwarmu a Kano. Maƙwabcinsa ya ɗora bene na uku, 'yan unguwa suka koma yin kwatance da gidan maƙwabcin. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ranar da muka gama sayayya a kasuwar Baima, ya ce in kai shi wurin masu ƙera rufi. Muna zama ya ciro waya, ya nuna hoton da ya samo a Bangkok, babban birnin Tailan. Rufi ne hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, kusurwoyin sun miƙe kamar zankayen gidajenmu, can bisa kuma ga tsini mai ruwan zinariya.

Mai masana'antar ya gyaɗa kai. Shi ko hoton wata ka nuna masa, launi kawai zai tambaya.

Ni kuwa na gane ginin. Na ce, "Alhaji, a Tailan ba don ado ake ɗora wannan ba. Na fada ne da wuraren bauta, kuma yawan hawan shi ke faɗin darajar mai wurin."

"To ai shi ya sa, Malam."

"Na hoton nan kuwa, a cikinsa ake ƙona gawa. Ana gamawa a rushe shi."

Ya ajiye kofin shayinsa. Na ɗauka yau dai karatuna ya yi rana.

"Gawar wa?"

"Ta sarki."

"Ba ta kowa da kowa ba dai?"

"Ta sarki, Alhaji."

"A unguwarmu wa ya san wannan tarihin?"

"Ina jin ni kaɗai."

"Kai kuma a nan kake zaune." Ya tura wa mai masana'antar wayar. "Ce masa ya ƙara hawa biyu."

Na fassara tiryan-tiryan, don amanar aiki. Tun daga ranar, duk sanda na ce zan leƙa Kano hutu, sai Alhaji ya samo mini aikin gaggawa a kasuwar Shisanhang.