Kyari da Tsutsar Tsamiya

Kun san Kyari maɗinkin riga na unguwar Bolewa, in ka ce masa ina kwana sai ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ni kuwa Bafulatani, shi Babarbare, kullum muna cikin tsiya, ba ya kira na sai ɓarawo.

Dukiyarsa ɗaya ce, wata tsamiya a gonarsa ta hanyar Danchuwa. Wani ƙwaro mai fiffike, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, yakan zuba ƙwai a kanta, tsutsa ta fito ta saƙa gida. Daga gidan nan yake samun zaren aikin wuyan riga. Zaren kanti? Cewa yake na mayaudara ne.

Ran nan malamin daji ya zo ya shafa wa itacen jan fenti, ya ce gwamnati ta hana sarewa.

Kyari ya ce, "Wa ya gaya mata zan sare? To, ƙwaron fa?"

"Baba, dokar ta itatuwa ce. Ƙwaro jinsinsa daban, ba ya ciki."

"Yana da fiffike, sa shi cikin tsuntsaye!"

"Ba tsuntsu ba ne, Baba."

"To kamo shi ka shafa masa fentin!"

Da malamin ya tafi sai ya raɗa mini, "Ka gani? Sun tsare gida, sun bar mai gida. Akwai wata a ƙasa."

Shekarar da aka fara feshin maganin ƙwari a gonakin auduga na maƙwabta, wallahi zannuwan matarsa kaf ya kwashe ya lulluɓe rassa. Matar, Hajja Falmata, ta fito neman na zuwa suna, aka nuna mata shi yana kaɗawa a sama. Kai, ranar Kyari ya ji Barbarci!

Duk da haka tsutsa ta yi ta raguwa, har wata damina ba ta dawo ba. Ya zargi masu feshi, ya zargi kajin unguwa, ya ce shanuna ma kallon da suke wa itacen bai gamshe shi ba. Mun yi dariya, amma daga nan bai sake riƙe allura ba.

Da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka kira ni, ya danƙa mini ragowar zarensa.

Na ce, "Ni? Ɓarawon naka?"

Ya ce, "Duk garin nan kai na fi sa wa ido, Jauro. Ban kama ka da komai ba."

Allah ya jiƙan Kyari, ya sa ya huta, ya haɗa mu a Aljanna.