Motar Dda Meziyan a Turke

A ƙauyenmu na kan dutsen Jurjura, duk amaryar da aka kai ɗakin miji a zamanina, Fijon Dda Meziyan ce ta kai ta. Ni ma ita ta kai ni. A wajenmu Dda ake ce wa dattijo, Nna kuma dattijuwa. Farar mota ce tsohuwa, da ya taho da ita daga Faransa bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar narka ƙarfe, ya dawo da kunne ɗaya a toshe. Lokacin bukukuwa kaɗai take taka titi. Da an fara tsinkar zaitun sai ya tura ta cikin tsohon turken da ke ƙarƙashin ɗakinsu, inda mahaifinsa ke ɗaure shanu a da.

Tsoro ne ke yi masa wannan hidima. Yana tsoron tsatsa, yana tsoron ɓera, yana tsoron batir ya mutu. Sai ya ɗora ta kan kututture don kada tayoyi su kwanta, ya zuba wa lagireto ruwan da ba ya daskarewa, ya cusa tsumma a bakin salansa, sannan ya lulluɓe ta da barguna. Matarsa, Nna Ferruja, kan tsaya a bakin ƙofa tana yi masa tsiya.

"Tsoho, kunu ya rage ka dama mata. Ko mai jego ba ta samu wannan gata ba."

"Da wane kunnen kike magana?" in ji shi.

Kowace Juma'a da hantsi yakan wangale ƙofar turken, ya zare tsumman, ya tayar da ita har inji ya ɗumama.

Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wuta ta ɗauke, ƙofar turken ta nutse har kusan samanta. Waje take buɗewa, don haka babu mai iya tura ta. Amma akwai tsani daga cikin ɗakinsu zuwa ƙasa. Ta nan ya sauka da Juma'a ta zo.

Ni maƙwabciyarsu ce. Na fito da gurasa mai zafi zan kai musu, ina nutsewa har gwiwa, sai na ji gurnani daga ƙarƙashin ƙanƙarar. Na duba ƙofar turken, ko shebur ɗaya ba a kwashe ba. Inji na aiki a rufaffen turke, hayaƙinsa ba shi da mafita sai ɗakinsu.

Na yi sallama, shiru. Na tura ƙofar ɗaki. Sun toshe taga da tsummoki saboda sanyi. Nna Ferruja na zaune da faifan wake a cinya, kanta ya langaɓe, kumatunta sun yi jajawur. Kyanwarsu na kwance a bakin tsanin, ba ta ko motsi.

"Nna! Ina Dda?"

Da ƙyar ta ɗaga ido. "Wiza, 'yata... kaina kamar ana daka a ciki... kamar turmi." Ta nuna ƙasa da yatsa, hannun ya faɗi.

Na kama ta ta hammata na ja ta waje, na kwantar da ita kan ƙanƙara. Ni ma ƙasa ta fara juyawa da ni. Ihun da na yi, ban san ina da irinsa ba.

Mijina Lunis ne ya fara zuwa, Arezki mahauci na bayansa. Lunis ya nufi tsani kai tsaye, Arezki ya cafke masa riga.

"Ina za ka? So kake mu fito da gawa biyu? Ɗauko shebur, mahaukaci!"

Suka hau haƙa a bakin ƙofar turken. Saman laushi ne, amma ƙasan ya daskare kamar dutse. Ni da hannu nake kwashe ƙanƙarar, yatsuna suka fashe ban ji ba. Duk wannan lokaci injin na ta gurnaninsa, bai ƙara ba bai rage ba, kamar babu abin da ya dame shi. Ina kiran "Dda! Dda Meziyan!" Lunis ya ce in bari, tsohon ko lafiyarsa ƙalau ba ya ji. Ƙarya yake, lallashina kawai yake yi.

Arezki ya jefar da shebur, ya ruga ya ɗauko gatarinsa, ya sassare ƙofar daga sama. Iska mai ɗumi ta bugo mu. Lunis ya riƙe numfashi, ya kutsa ta ramin. Injin ya mutu. Wallahi shirun da ya biyo baya ya fi gurnanin ban tsoro.

A kujerar direba ya same shi, goshi a kan sitiyari, bargo a cinya. Suka zaro shi kamar buhu. Yana numfashi, amma sai ka kafa kunne. Maza suka ɗora su biyun kan ƙyaure da wani tsani, suka gangara da su a kafaɗa har inda aka share hanya, motar asibiti na jira. A tsakiyar gangaren ya buɗe ido, ya dubi Lunis.

"Kun kashe ta?"

"Wa?" in ji Arezki. "Motar ko matar?"

Babu wanda ya yi dariya. Sai tsohon ya fara lalube da hannu yana kiran Ferruja, hawaye na bin kunnuwansa.

Dukansu sun tashi. Ita ta warke sarai, shi kuwa hannunsa ya ɗauki rawa, sunayen jikokinsa ma sukan ɓace masa. Da kansa ya buga wa bakin tsanin katako da ƙusa. Yanzu Lunis ke cire batir ɗin kafin sanyi, mu ajiye shi a ɗakin girkinmu, shi ne kuma ke tuƙa amare.

Wani lokaci muna tsakiyar hira a ɗakinsu, ana shan gahawa, sai Dda Meziyan ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru. Ba ku ji inji ba?"

Mun san babu batir a cikinta. Duk da haka sai mu yi tsit, mu kasa kunne ƙasa.